Amshin Amada da Ciwon da Kunya Ke Hana Faɗa

Tun rasuwar Hajiya Sa'adatu Barmani Choge a Funtua cikin watan Maris na 2013, hukunci uku nake ji ana yanke wa kiɗan amada. Wasu masu wa'azi sun ce batsa ce da hura wutar kishi. Wasu 'yan boko sun ce nishaɗin ƙauye ne, a saurara a cikin mota a manta. Su kuma manazartan da suka aro ma'auni daga waje sun ce tawayen mata ne a kan maza. Na farko sun riƙe baiti biyu ko uku sun watsar da sauran. Na biyu ba su taɓa tambayar abin da ke sa dattijuwa mai jikoki ta miƙe tana rawa tana share hawaye ba. Na uku kuwa sun manta cewa yawancin zafin waƙoƙin nan tsakanin mace da mace yake. Abin da na gani a amada shi ne hanyar da matan karkara suka gina don jinyar zuciya, tun ba su ji labarin likitan da ke magani da zantawa ba.

Tarihin a taƙaice yake. Ƙwarya kayan aikin mace ce kafin ta zama kayan kiɗa, kuma kiɗanta ya daɗe a gidan biki da gidan suna, a cikin gida, inda namiji ba ya shiga. Ana kife ƙore manya da ƙanana, wata a kan ruwa, zabiya na bayarwa 'yan amshi na karɓa. Uwaliya Mai Amada ta yi suna da shi a Kano. Barmani, 'yar Gwaigwayi ta ƙasar Funtua, ta ƙara fito da shi daga tsakar gida zuwa rediyo da kaset da manyan taruka. Wannan yanki na masara da dawa da auduga, daga Funtua da Bakori da Ɗanja zuwa Ƙafur da Malumfashi, yanki ne na manyan gidajen gandu, inda mace ke zaune da kishiya da uwar miji da matan 'yan'uwan miji a tsakar gida ɗaya. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, da Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a Giwa aka buga a 1954, ya san nauyin irin wannan zama.

A irin gidan nan kunya ce ke mulkin baki. Mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta nuna son ɗan farinta, balle ta zauna ta ce kishi na cin ta, ko ta ce ta gaji da haihuwa. In ta kai ƙara wurin iyaye, a ce ta yi haƙuri. In ta yi yaji, a yi biko a mayar da ita, maganar na nan inda take. An gaya mata ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Haƙuri hali ne mai daraja, ba na jayayya, amma wanda ba shi da mafita yakan koma ciwon kai da rashin barci da faɗuwar gaba, a yi ta sayen magani a kemis ba a taɓa tushen ciwon ba.

Nan ne amshi ya shigo, kuma shi nake so a duba da kyau, domin manazarta sun saba ɗaukarsa wurin hutun zabiya kawai. Dubi yadda waƙar kishiya ke tafiya a bakin Barmani. Tana magana da muryar mace guda, mai cewa ni, wadda aka yi wa kishiya. Ba ta kama sunan kowa, ba ta faɗin unguwa ko gida. Ta jefa ɗango guda, sai 'yan amshi su dawo da jimla ɗaya tak, ba canji. Ta ƙara wani ɗango mai zafi fiye da na farko, su sake dawo da jimlar. Kafin a zagaya sau uku, duk matan da ke tsakar gida sun kama amshin. To, me ya faru? Maganar da mace ɗaya ba za ta iya furtawa a ɗakinta ba ta fito daga bakinta da ƙarfi, a gaban uwar mijinta, kuma ba wanda zai ce ita ta faɗa, domin kowa ya faɗa.

Rashin kama suna yana wani aikin da masu cewa amada zuga ce ba su lura da shi ba. Uwargida na jin waƙar tana ganin amarya ake nufi. Amarya na ji tana ganin uwargida ce. Dukansu suna amshi ɗaya, sau da yawa a fili ɗaya suke rawa. Habaicin da za a yi a bakin murhu ya jawo dambe, a nan ya rasa wanda zai soka, sai zafinsa ya fita ba tare da ya raunata zumunci ba. Zabiya kuma takan kambama munin kishiya har ya wuce hankali, ta yadda dole a yi dariya. Mace da ta yi dariyar abin da ke hana ta barci ta samu 'yar tazara tsakaninta da shi, kuma daga wannan tazara ake fara tunani.

Sai liƙi. A lura da lokacin da mace ke tashi ta manna wa zabiya kuɗi a goshi. Ba ko'ina take tashi ba, sai an zo ɗangon da ya taɓa ta. Ƙawayenta sun gani, sun gane, ba wadda za ta tambaye ta a fili. Bayan biki ne wata za ta ja ta gefe. Ta faɗi damuwarta ba ta buɗe baki ba, kunyarta kuma ba ta zube ba.

Masana jinyar zuciya na zamani sun iso wannan wuri ta doguwar hanya. Josef Breuer da Sigmund Freud sun nuna a littafinsu na 1895 cewa furta abin da aka danne yana sassauta ciwo. A 1970 Irvin Yalom na Amurka, da yake lissafa abubuwan da ke warkarwa a jinyar rukuni, ya sa gano cewa ba kai kaɗai ke cikin halin ba a sahun gaba. Mu kuwa mun daɗe muna cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amshi kuma shi ne wannan karin maganar a aikace. Har ma ina ganin amada ta fi dacewa da mu a wuri guda: ɗakin likita yana neman ki ce ni, ki fayyace sirrin aurenki ga baƙo. Amada ta san Bahaushiya ba za ta yi haka da sauƙi ba, sai ta ara mata bakin jama'a.

Kuma amada ba ta tsaya ga sauke fushi ba. Waƙar Barmani a kan gwarne ta ɗauki abin da ake yi wa mace gori a kansa, wato ɗaukar ciki tana goyo, ta mayar da shi ikon Allah, ta cire mata kunyar. Waƙarta ta kiran mata su kama sana'a, da wadda take zolayar macen da ta zauna ba wayon nema, sun juya hankali daga kishiya zuwa kai. Ki soya ƙuli-ƙuli, ki dama fura, ki yi kiwo, ki shiga adashi. Masu jinyar baƙin ciki a yau suna ba da irin wannan shawara, cewa wanda damuwa ta kwantar ya fara da ƙaramin aiki mai amfani, zuciya ta biyo baya. Jere waƙoƙin nan wuri guda, za ka ga tafiya mai mataki: a faɗi ciwon, a yi masa dariya, a cire kunyarsa, a tashi a nemi na kai.

Ban ce ƙwarya za ta maye gurbin asibiti ba. Macen da ake duka hukuma take bukata, wadda ta daina ci da barci bayan haihuwa likita take bukata, a asibitin Barnawa ta Kaduna ko na Dawanau ta Kano ko inda ya fi kusa. Amma tsakanin lafiya lau da kwanciya asibiti akwai fili mai faɗi, kuma a nan yawancin matanmu suke. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954 a Aro ta Abeokuta, da ya zaunar da marasa lafiya cikin ƙauyuka tare da danginsu. Dixon Chibanda a Harare ya horar da kakanni mata su zauna a benci su saurari masu damuwa. Dukansu da abin da jama'a suka riga suka sani suka yi gini.

Abin da ke damuna shi ne muna rushe namu a lokacin da aka fi bukatarsa. Injin niƙa ya ɗauke waƙar dutse, ya rage ta turmi. Biki ya koma ɗakin taro, inda na'ura ke kiɗa mata na zaune a kujera suna ɗaukar hoto da waya. Waƙar na iya zama ta Barmani, amma ba mai amshi, kuma sauraro kaɗai ba ya yin aikin da furtawa ke yi. Ga shi kuwa hare-haren 'yan bindiga a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara sun bar zawarawa da uwayen da suka rasa 'ya'ya, waɗanda kowa ke ce musu su yi haƙuri.

Sassan nazarin Hausa na jami'o'in Zariya da Katsina su bi masu amadar da suka rage a ƙauyukan Funtua da Malumfashi su ɗauki wasansu a gidan suna, da muryar taron gaba ɗaya. Ma'aikatan lafiya masu tara mata ranar awo su koyi dabarar: a ɗauko damuwa ba suna, a bar kowa ta amsa. Malamai kuma su tace baitin da ya wuce gona da iri, wannan haƙƙinsu ne, amma kada su rufe filin. Duk al'ummar da ta ɗora wa mace kunya da haƙuri, wajibi ne ta tanadar mata inda za ta yi magana ba a kama ta da laifi ba.