Omar & Hana: wa ke yi wa 'ya'yanmu tatsuniya yanzu?

Mu da muka tashi a nan Sabo mun san lokacin da talabijin ɗaya ke riƙe layi guda. A garin nan na Ibadan aka buɗe tashar WNTV a 1959, kafin ko'ina a Najeriya, amma sai da aka jima kafin akwatin ya shigo gidajenmu. Ranar Lahadi da yamma mukan cika falon mai shi don kallon Tales by Moonlight na NTA, mace zaune a tsakiyar yara tana ba su labari. Da Turanci ne, ba mu musu. Sai dai shiri ne mai lokaci. Ya ƙare, a kashe, kowa ya tafi alwalar magariba, bayan isha'i kuma kaka ta ɗauko nata Gizo da Ƙoƙi da Hausa.

Yau wayar uwa ce talabijin. YouTube ba ya rufe tasha, bidiyo na ƙarewa wani ya hau da kansa, kuma na'ura ce ke zaɓo na gaba bisa abin da ya fi tsare idon yaro. Shi ya sa za ka ga ɗan shekara biyu ya kafe a kan CoComelon, ka karɓe wayar gida ya rikice da kuka.

Iyaye da yawa sun gudu zuwa Omar & Hana, katun ɗin 'yan Malesiya, kuma an sha tambayarmu a masallaci ko ya halatta. Mun zauna mun kalli da dama. Gaskiya an yi aiki. Yaro na koyon bismilla kafin cin abinci, da sallama, da girmama iyaye, ba tsawa ba bulala. Uwar tana da hijabinta, uban yana zuwa masallaci. Har akwai wanda aka cire wa kayan kiɗa don masu ƙyamarsa. Allah ya saka musu.

To amma akwai inda muke da ja. Gidan su Omar gida ne na miji da mata da 'ya'ya biyu, da mota, komai tsaf. Ba kishiya, ba ɗan riƙo, ba haya ɗaki ɗaya, ba layin ɗiban ruwa. Yaron da ya ga haka kullum sai ya ɗauka Musulunci mai kyau a can yake, namu kuwa na maneji ne. Sannan su Shafi'iyya ne, mu akasarinmu Malikiyya, don haka in yaro ya zo da wani abu daban a alwala ko salla, kada a ce masa ƙarya ne, a yi masa bayani.

Babbar damuwar ita ce harshe. Ɗanmu a titi Yarbanci yake yi, kuma ba laifi, maƙwabtanmu ne, da shi muke ciniki. A makaranta Turanci. Tsakar gida kaɗai ta rage wa Hausa, ita ma ga waya ta shigo ta zauna. Kwanan baya a Islamiyya muka tambayi wata yarinya ma'anar alhamdu lillahi, ta ba mu amsa daidai, amma da Turanci. Muka ce ta faɗa da Hausa, ta yi shiru tana kallon ƙasa. Jikar mutanen Kano ce fa, uwa da uba.

Ba a ce babu na Hausa ba. Arewa24 ta nuna shirye-shiryen yara da aka juya zuwa Hausa, an kuma yi Dandalin Sesame. Amma nawa ne? Yaro zai cinye su a 'yan kwanaki, wancan kuwa kogi ne. Masu fim na Kano sun iya soyayya mai dogon zango, kashi ɗari ba gajiya, amma Gizo yana nan zaune ba wanda ya zana shi yadda ya kamata. Mun ji suna cewa katun tsada gare shi, kuma yara ba sa jawo talla. Wataƙila haka ne. Mu dai a shago muna ganin kuɗin data da iyaye mata ke sakawa duk mako, kuma mun san rabinsa ba su ke kallon ba.