Na'ura da Al'adar Maƙerinta: Sharhi Kan Matsayin Hausa a Kwamfuta da Wayar Salula

1.0 Gabatarwa

Akwai wani ra'ayi da ya yaɗu tsakanin 'yan boko, wai na'ura ba ta da ƙabila, yadda ta karɓi Bature haka take karɓar Bahaushe. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna raunin wannan ra'ayi. Kowane maƙeri yakan auna ƙotar fartanya da hannun manomin da ya sani. Haka waɗanda suka ƙera kwamfuta suka auna ta da harshensu da al'adarsu. Za a duba abubuwa uku, watau haruffa da suna da ajami, tare da misalai daga ƙasar Ƙaraye da Rogo a yammacin Jihar Kano.

2.0 Haruffa Masu Ƙugiya

A farkon rubutun boko an yi ta bambanta ɓ da ɗ da ƙ ta hanyar ɗigo a ƙarƙashin harafi ko alama a gefensa. A shekarun 1930, zamanin da Dokta R. M. East yake jagorancin aikin talifi a Zariya, aka tsayar da haruffa masu ƙugiya. Ba don ado aka yi su ba. Su ne suke raba baki da baƙi, fada da faɗa, kare da ƙare, daidai da ɗaiɗai.

Amma a 1963 aka fito da tsarin ASCII a Amurka, wanda ya tanadi gurbi 128 kacal domin haruffa da lambobi da alamomi, gwargwadon bukatar Ingilishi. A kan wannan harsashi aka gina madannan kwamfuta. Tsarin Unicode, wanda ya bayyana a 1991, ya ba haruffanmu gurbi, sai dai ba su sami mazauni a kan madannai ba. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sai aka ƙara wa Borno dawaki. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa ƙ guda ɗaya a ciki sai ma'aunin ya faɗo zuwa 70. Ashe ko da wayar ta iya harafin, wanda ya rubuta Hausa bisa ƙa'ida zai iya biyan ninkin kuɗin da wanda ya karya ta ya biya. Sakamakon haka, an sami zuriya guda da ta saba rubuta Hausa babu ƙugiya. Sunan Ƙaraye kansa, a mafi yawan takardun hukuma da taswirorin intanet, da k mara ƙugiya ake rubuta shi, har baƙo ya ɗauka haka ake furta shi.

3.0 Suna da Ranar Haihuwa

Matsala ta biyu ta fi ta farko ciwo, domin ta taɓa aljihu. Fom ɗin kwamfuta yana neman sunan farko da na tsakiya da na dangi. Wannan tsarin Turai ne, inda gida ɗaya yake gadon suna ɗaya kaka da kakanni. Bahaushe kuwa yana da sunan yanka, sai ya jingina shi ga sunan mahaifinsa, saboda haka abin da fom yake kira sunan dangi yana sauyawa a kowace zuriya. Wani kuma garinsu yake ɗauka, kamar Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Ga kuma laƙabi, wanda sau da yawa alkunya ce take haifar da shi, har ya danne sunan yanka.

A ɗauki misalin wani manomi a Kwanyawa, mai suna Muhammadu, wanda kowa ya sani da Ɗanjuma. A makarantar firamare an rubuta shi da sunan garinsu. Da aka fito da lambar banki ta BVN a 2014, ma'aikaci ya rubuta shi da sunan mahaifinsa. Da aka wajabta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN a ƙarshen 2020, wani ma'aikacin ya sa laƙabinsa. A wurin dagaci da limami mutum ɗaya ne, ba a taɓa ruɗewa ba. A wurin na'ura kuwa mutum uku ne, kuma sai ya yi ta zarya da rantsuwar kotu kafin ya taɓa kuɗinsa. Haka nan wasu fom-fom ba sa karɓar alhamzar da ke cikin Sa'adu ko Asma'u. Dattijon da ya san an haife shi da kaka, ko a watan azumi, akan cike masa gurbi da 1 ga Janairu don kawai na'ura ta yarda.

4.0 Ajami da Murya

Wanda ya yi karatun allo ya iya rubutu, amma na ajami, bisa salon warash. Haruffan Larabcin da ke cikin waya sun bi salon gabas, kuma ba su wadatar da sautukan Hausa ba. Wasu haruffan ajaminmu ba su shiga Unicode ba sai a 2020. Mai ilimi ya wayi gari na'ura tana lissafa shi cikin jahilai.

Abin lura shi ne yadda jama'a suka nema wa kansu mafita. Tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, ɗan kasuwa da malami da matar aure suka rungume shi. Dalili kuwa, murya tana ɗaukar gaisuwa da karin sauti da tsawon wasali da girmamawa, abubuwan da madannai suka zubar. Wannan shaida ce cewa mutane ba su ƙi fasaha ba, sun zaɓi ɓangaren da ya dace da al'adarsu ne.

5.0 Kammalawa

Ba daidai ba ne a ɗora wa maƙeran waje laifin duka. Sun yi wa kansu ɗinki ne, kuma yanzu akwai madannan Hausa a wayoyin zamani, ƙugiya ba ta gagari kowa ba. Fom ɗin banki da na katin ɗan ƙasa kuwa a gida ake tsara su. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Don haka wajibi ne sassan koyar da harsunan Nijeriya a jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello su sa baki wajen tsara rajistar sunaye, a tanadi gurbin laƙabi da na sunan gari, a kuma karɓi ƙugiya da alhamza. Malaman makaranta su koya wa yara buga ƙa'idojin rubutu a waya kamar yadda suke koya musu a allo. In ba haka ba, za a ci gaba da rage ƙafa domin ta shiga takalmin aro.