Gwanin Zaɓen RAM a Banex

A Banex Plaza da ke kan titin Aminu Kano a Wuse 2, masu sayar da kayan kwamfuta ba sa ƙirguwa, amma gwanin haɗa kwamfutar tebur ba ya ɓuya. Ka ce masa, "Oga, RAM nake so, giga 32," ba zai yi saurin zura hannu cikin gilashi ba. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, wane madabod ka saya? Wace furosesa za a ɗora masa?" Saboda tambayoyin nan biyu nake ganin girman masu wannan sana'a, domin ciniki suke jinkirtawa don kada kuɗin mutum ya salwanta.

RAM ita ce inda kwamfuta ke baje aikin da take yi a yanzu, kamar faifan da mai tsintar shinkafa ke zuba abin da za ta tsince, buhu kuwa yana ɗaki. Sai dai ba kowace ce ke shiga kowane madabod ba. Nau'o'in RAM na DDR4 da DDR5 na kwamfutar tebur duk haƙora 288 gare su, tsawonsu ɗaya, wanda bai sani ba zai rantse abu guda ne. Gwani kuwa juya ta yake yi ya dubi 'yar tsagar da ke tsakanin haƙoran, don ba wuri ɗaya aka yi ta ba. Mai danna DDR4 da ƙarfi a gurbin DDR5 yana iya karya gurbin.

A nan ake sanin wanda ya riƙe karatunsa. Madabod na AMD mai gurbin furosesa AM4 sai DDR4. AM5, da ya fito a 2022, sai DDR5. Intel ce ta fi rikita mutane: tun daga zubi na 12 da ta fitar a 2021 har zuwa na 14, furosesar tana karɓar duka biyun, amma kowane madabod iri ɗaya kawai yake ɗauka. Don haka sunan furosesa bai wadatar ba, sai an karanta lambar madabod harafi bayan harafi, a buɗe shafin kamfanin, Asus ne ko MSI ko Gigabyte, a duba jerin RAM ɗin da suka gwada.

Akwai kuma tarkon kayan tokumbo. Wani lokaci za ka ga RAM mai yawan giga da arha har ka yi mamaki, ashe daga manyan kwamfutocin kamfanoni aka ciro ta. Irin wadda aka rubuta wa RDIMM ba ta tashi a madabod na gida. Gwani yana gane ta daga rubutun takardar da ke manne a jikinta.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake hana mutum sayen guda ɗaya mai giga 32. Sai ya ce a ɗauki biyu masu 16, waɗanda suka zo a kwali ɗaya, don kwamfuta ta riƙa ɗiban bayanai ta hanya biyu a lokaci guda. A madabod mai gurbi huɗu, yawanci na biyu da na huɗu daga furosesa yake sa su. Yana danna gefe da gefe da babban yatsa har maƙallin ya ce ƙas. Idan fankar furosesa babba ce, tun kafin a biya kuɗi ya auna ko doguwar RAM za ta shige ƙarƙashinta.

Lambar gudu ma ba ta ruɗarsa. Ya san 6000 da aka buga a kwali ba ta zuwa da kanta. Sai an shiga BIOS an kunna XMP, ko EXPO a na AMD, in ba haka ba sau da yawa a 4800 za ta tsaya. A kunnawar farko DDR5 kan bar allo baƙi na 'yan mintuna tana daidaita kanta. Mai kaya ya fara zufa, shi kuwa ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, kada a taɓa ta."

Ko ta tashi ba ya sallamar ka nan take. Sai ya sa mata manhajar MemTest86 ta yi awoyi tana gwaji, a kan inbata saboda ɗaukewar wuta. Kuskure ko ɗaya ya fito, ya rage gudun ya sake gwadawa. In ya sake fitowa, a ranar zai mayar wa dila kayansa a canzo wata.