Da Me Zai Gudu? Talaka a Cikin Gajeren Labari

A tatsuniyar Hausa talauci ba ya daɗewa. 'Yar bora ce aka tsana, aka miƙa mata ƙirgi aka ce ta je ta wanko a Ruwan Bagaja. Ta kama hanya, ta yi wa duk abin da ta tarar ladabi, ta dawo da dukiyar da ta fi ƙarfin gidansu. 'Yar mowa ta bi sawu da rashin kunya, ta dawo da tsiya. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne hanyar a buɗe take. Babu wanda ya tambayi 'yar bora kuɗin mota, babu wanda ya ce ta nuna takarda a kan iyaka. Talaucinta jarrabawar hali ce, wanda ya ci kuwa sai a biya shi nan take.

Gajeren labari na zamani ya gaji wannan yarinya da burinta na barin gidan wahala, amma ya hana ta hanyar. A ganina nan ƙarfinsa yake. Labaran da suka fi shiga rai a wannan fanni ba su tsaya ga nuna cewa talaka yana son gudu ba. Sun nuna cewa abin da zai gudu da shi, shi ne ainihin abin da talaucin ya riga ya ƙwace masa.

Ban san wanda ya nuna haka a taƙaice kamar Anton Chekhov na Rasha ba, a labarinsa "Vanka" na 1886, wanda bai wuce 'yan shafuka ba. Vanka maraya ne ɗan shekara 9, an kai shi birnin Mosko koyon sana'a wajen wani mai ɗinkin takalma. Daren jajiberin Kirsimeti, da mutanen gida suka tafi coci, ya ɗauko tawada da takarda ya durƙusa yana rubuta wa kakansa, wani tsohon maigadi a ƙauye, wasiƙa. Ya faɗa masa dukan da yake sha, da yunwa, da yadda ake hana shi barci don ya yi ta jijjiga jaririn gidan, da ranar da uwar ɗakinsa ta goga masa kan kifi a fuska don ya fara gyaran kifin ta wutsiya. Ya roƙi tsohon ya zo ya ɗauke shi. A tsakiyar wasiƙar ya ambaci cewa ya so ya gudu da ƙafa, amma ba shi da takalmi, ga sanyi mai kisa. Yaron mai takalma ne fa, kullum cikin takalman mutane yake wuni. Chekhov bai ja hankalin mai karatu a kan wannan ba ko da jimla ɗaya; ya ajiye ya wuce.

Sai kuma adireshin. Yaron ya rubuta a bayan ambulan cewa wasiƙar ta kakansa ce a ƙauye, ya ɗan yi tunani ya ƙara sunan tsohon, ya ruga ya jefa a akwatin gidan waya, ya dawo ya yi barci mai daɗi yana mafarkin kakan na karantawa. Wane ƙauye, a duk faɗin Rasha? Mai karatu ya san wasiƙar ba za ta je ko'ina ba, yaron bai sani ba, kuma a kan wannan rata aka rufe labarin. Duk wanda ya taɓa tambayar ƙaramin almajiri sunan garinsu, ya ji ya ambaci wata ruga ko unguwa ba tare da sanin ƙaramar hukuma ko jiha ba, ya san wannan ambulan.

Akwai dalili a ƙirar gajeren labarin kanta. Dogon littafi yana da shekaru a hannunsa, yana iya girmar da yaro, ya nemo masa dangi masu hali kamar yadda Charles Dickens ya yi wa Oliver Twist. Gajeren labari dare ɗaya gare shi, ko wuni ɗaya. Ba shi da filin tafiyar, don haka yakan kama mutum a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje.

Ousmane Sembène na Senegal ya bi ta wata hanyar. A "La Noire de…", cikin tarin labaransa Voltaïque na 1962, ya bar talakar ta tafi. Diouana 'yar aiki ce a gidan wasu Turawa a Dakar, suka ce za su tafi da ita Faransa, ta yi ta murna har tana raina gargaɗin wani tsohon matuƙin jirgin ruwa da ya riga ta ganin ƙasar. Da suka isa Antibes sai Faransar ta ƙare a kicin da ɗakin wanki da renon yara. Ba ta iya karatu ba, ba ta da kowa, ba ta da hanyar komawa. Ta yanka kanta a bahon wanka. Sembène ya fara labarin ne da gano gawar, saboda haka duk murnar da muka ga tana yi daga baya, mun riga mun san inda za ta kai ta. Wannan ya fi na Chekhov zafi, ko da yake bai kai shi iya riƙe baki ba. Sembène ɗan gwagwarmaya ne, yana son a san wa ya yi laifin. A 1966 ya mayar da labarin fim. Matan da ake ɗauka yau da alkawarin aikatau a ƙasashen Larabawa, a karɓe musu fasfo da sun sauka, ba sa bukatar a yi musu bayanin Diouana.

A wannan ƙarni labaran Afirka irin waɗannan sun fi fitowa ta gasar Caine da ake yi a Ingila. A 2011 NoViolet Bulawayo 'yar Zimbabwe ta lashe da "Hitting Budapest": yaran unguwar 'yan share-wuri-zauna suna tsallakawa unguwar masu kuɗi satar gwaba, mai ba da labarin, Darling, tana ta cika baki cewa za ta tafi Amurka wajen innarta. A hanyar dawowa suka tarar da gawar wata mata a rataye, suka gudu, sannan suka juyo don su cire takalmanta su sayar su sayi burodi. A 2013 "Bayan Layi" na Elnathan John ya shiga jerin ƙarshe na gasar. Wannan namu ne: Ɗantala almajiri ne da ya gama karatu wajen malaminsa bai koma gida ba, ya faɗa cikin yaran da ke kwana ƙarƙashin kuka suna shan wiwi, 'yan siyasa suka saye su da 'yan canji don tada tarzomar zaɓe. Da harbi ya tashi sai ya ranta a na kare. Gudu ne na gaske, amma na tsira da rai, ba na zuwa wani wuri ba. Marubutan biyu duk sun faɗaɗa labaran nasu daga baya zuwa dogayen littattafai, kuma a can ne kawai Darling ta taka Amurka, Ɗantala ya isa Sakkwato.

An yi ƙorafi a kan irin waɗannan labarai, kuma ƙorafin yana da tushe. Helon Habila, wanda shi kansa ya ci gasar a 2001, ya rubuta a 2013 cewa akwai alamun ana tara wa Turawa bala'o'in Afirka kamar yadda suke son gani a labaran talabijin. Gaskiya ne wani labarin za ka karanta ka ga yunwa da fyaɗe da cuta da yaƙi an jera su kamar kayan koli a faifai. Sai dai ban yarda laifin na talauci a matsayin jigo ba ne. Bambancin yana ga ido. Marubucin da ke kallon talaka daga nesa bala'i yake ƙirgawa. Wanda ya shiga cikin rigarsa lissafi yake yi: nawa ne burodi, nawa takalmin nan zai yi a kasuwa, saura nawa kuɗin mota ya cika. Yaran Bulawayo da suka koma wajen gawa ba mugunta suka yi ba, lissafi suka yi, shi ya sa wurin ya tsaya a maƙogwaro.

Matsalar gajeren labarin Hausa kuwa kusan kishiyar wannan ce. Mu ba mu cika tara bala'i mu bari ba. Mukan tara shi ne don mu biya jaruma a shafin ƙarshe. Yarinya mai tallan goro ta sha duka wajen kishiyar uwa, ta sha wulaƙanci a gidan aiki, kwatsam sai ga wani Alhaji ya tsaya da mota ya sauke gilashi. Ko kuma a gano ashe mahaifinta na asali attajiri ne. 'Yar bora ce dai ta dawo, an sa mata atamfa. Ban raina wannan ba, domin mai karatun da ke cikin ƙunci yana da haƙƙin a ba shi mafarki, kuma imaninmu cewa bayan wuya sai daɗi ba abin wasa ba ne. Amma irin wannan ƙarshe yana wanke kowa. Idan haƙuri ne kaɗai mabuɗi, to wadda ba ta fita ba haƙurinta ne bai isa ba, kuma babu mai tambayar dillaliyar da ke karɓe albashin yarinyar duk wata, balle uwar ɗakin da ta san hakan.

Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 don mata marubuta ta ɗan sauya wannan. Labarin da ya fara lashe ta, na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar sansanin 'yan gudun hijira ne, kuma iyakar kalmomin da gasar ta gindaya ba ta barin filin dogon zagaye kafin Alhaji ya iso. Akwai kuma wani abu da marubucin Hausa ke da shi wanda ɗan takarar Caine ba shi da shi. Labaran Hikayata a rediyo ake karanta su, kuma cikin masu saurare akwai 'yar aikin kanta tana wanke-wanke, da ɗan ci-rani a rumfar mai shayi. Alƙali a Landan ana iya ruɗarsa da hawaye. Masu sauraren nan kuwa sun san kuɗin mudun masara da kuɗin mota daga Kano zuwa garinsu, kuma marubuci na yin kuskure a lissafin za su gane bai taɓa zama inda suke ba.