"Soyayya ce kawai," in ji wanda bai karanta ba

Maganar nan ta ishe ni. Da an ambaci littattafan da matan Hausa ke rubutawa sai wani ya taɓe baki, wai ai soyayya ce kawai. Tambaye shi wanne ya karanta, nan take zai fara kame-kame.

Ina soyayyar take a Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu? Maigida ya yi amarya, ya kori Rabi da 'ya'yanta tara, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Wa Zai Auri Jahila? kuwa kukan yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar ne, kuma ita kanta Balaraba da ƙuruciya aka yi mata aure. Tun So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, matan nan suna faɗin abin da ke ƙona cikin gida, mu kuma muna ta cewa soyayya.

A zo garin Tama bayan girbi, lokacin da maza suka watse ci-rani Abijan, Legas da Libiya. Mace na surfe, waya a jingine gefen turmi, ana karanto mata littafin da aka rubuta a Kano. Sai ta tsai da taɓarya ta ce wa maƙwabciyarta, "Uwar mijin nan ba ta kyauta ba, amma ita ma yarinyar ta cika baki." Nan gardama ta kaure har tukunya ta tafasa. Wannan nazari ne, malamai, ko da ba a jami'a aka yi shi ba. Masu ra'ayin kare 'yancin mata ma ina da ƙorafi a kansu: sukan auno marubuciyar da mudun Turai, in ba ta tsine wa aure ba su ce ba ta waye ba.

Na yarda, akwai tarkace, musamman a WhatsApp, inda kowane saurayi ɗan attajiri ne. To littattafan maza duka zinariya ne? Amma da aka cinna wa littattafai wuta a Kano a 2007, irin littattafan matan nan ne suka sha. Har bayan BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, aka ji labaran gudun hijira da fyaɗe da zawarci, wasu ba su daina taɓe bakin nan ba.