Takardun jabu da suka kashe ƙarar Robert na Artois

Na sake kallon shirin talabijin na Les Rois maudits, fitowar 1972, kuma har yanzu wuri guda ke ƙona min rai: ranar da Robert na Artois ya karɓi takardun jabu daga hannun Jeanne de Divion.

Ga tushen rigimar. Uban Robert ya rasu a 1298, kakansa ya faɗi a yaƙin Courtrai a 1302, sai gwaggonsa Mahaut ta gaje ƙasar Artois. Robert ya kai ƙara, aka kayar da shi a 1309, aka sake a 1318. Ni dai ban yarda da alƙalan nan ba. Surukar gidan sarauta aka duba, tun da ƴaƴanta mata biyu ƴaƴan sarki suka aura.

To amma ku dubi 1329, da ya sake kai ƙara. Sarki Philippe na Shida surukinsa ne, ƙanwarsa Robert yake aure. A Flanders kuma, a 1322, jika ya gaji kakansa duk da ubansa ya riga kakan rasuwa. Ga hujja, ga sarki, sai ka je ka sayo takardun ƙarya? Haba! Tamkar ɗan wasa ne ya samu fanareti, ya ɗauki ƙwallo da hannu ya jefa raga.

Da ya haƙura fa? Mahaut ta rasu a 1329 ɗin. Ko bai samu Artois ba, da yana nan a fada ana damawa da shi. Da ba a ƙone Jeanne de Divion a 1331 saboda takardun ba, da ba a kore shi a 1332 ba. Da bai gudu Ingila yana zuga Sarki Edward na Uku ba, da Philippe ya rasa hujjar da ya kafa a 1337 ya ƙwace Guyenne daga hannun Edward. Yaƙin Shekara Ɗari na iya zuwa, amma da sai ya nemi wata ƙofa.

A fitowar 1972, Jean Piat ya taka Robert yadda ya kamata, Hélène Duc ma ta riƙe Mahaut. Masu fitowar 2005 kuwa kwalliyar gine-gine ta ɗauke musu hankali.

Ina bayan Robert a kan gadon nan. A kan takardun kuwa, shi ya cuci kansa.