Karofi Ba Marini: Sharhi a Kan Adana Kayan Tarihi da Raya Sana'a a Ƙasar Kano

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce yin sharhi a kan wani ra'ayi da ya samu gindin zama a wurin hukumomi da wasu masana, watau ra'ayin da ke ɗaukar adana kayan tarihi a matsayin katange wuri, da kafa masa allo, da jiran baƙi masu yawon buɗe ido. Za mu ɗauki karofin Ƙofar Mata a matsayin ma'auni, domin shi ne wurin da aka fi kai baƙo in ana son nuna masa tsohuwar sana'ar Kano. Daga nan za mu waiwayi kudancin ƙasar Kano, watau yankin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, mu ga abin da wannan ra'ayi ya bari a baya. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, gini da sana'a da harshe a ɗaure suke da igiya guda, kuma wanda ya tsinke ta don ya tsirar da gini kaɗai, ƙarshenta ginin ma ba zai tsira ba.

2.0 Masana'anta Biyu da Suka Durƙushe

Kano ta ga faɗuwar masana'antar tufafi har sau biyu. Ta farko ita ce ta gargajiya. Lokacin da Heinrich Barth ya iso Kano a shekarar 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a fitar da su waje sun kai kimanin wuri miliyan 300 a shekara, ana kai su har Tumbutu da ƙasashen hamada. Wannan sana'a ta fara ja da baya bayan da kamfanin BASF na Jamus ya fito da shunin bature a kasuwa a 1897, sa'an nan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kawo yadin Turai da araha, ya kuma karkata hankalin manoma zuwa ga gyaɗa.

Ta biyu ita ce ta zamani. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, aka kuma cika Bompai da Sharaɗa da Challawa da masaƙu da majemu da sauran masana'antu. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta yi ƙaranci, yadin ƙasar Sin kuma ya cika Kantin Kwari. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, yawancin na Kano ma suka bi sahu. A shekarar 2015 marinan Kano suka fito zanga-zanga a kan yadda rinannen yadi daga Sin ke kashe musu kasuwa. Saboda haka mai rini a Ƙofar Mata yau yana zaune ne a kan kufai biyu, na kakansa da na mahaifinsa, kuma duk shirin adana karofi da bai lura da wannan ba ya fara da kuskure.

3.0 Aibin Farko: Ɗaukaka Daɗewa a Kan Hikima

Abin da ake fara gaya wa baƙo a Ƙofar Mata shi ne an kafa wurin a 1498, watau a ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Wannan shekara ruwaya ce ta baka, kuma ruwaya tana da mutuncinta. Aibin yana ga yadda aka mai da ita dukan labarin, har mai sauraro ya ɗauka cewa yadda ya ga ramukan nan haka suke shekara ɗari biyar ba abin da ya sauya.

Binciken da marigayi Philip Shea ya gabatar a Jami'ar Wisconsin a 1975, kafin doguwar koyarwarsa a Jami'ar Bayero, ya nuna akasin haka. Da fari a manyan tukwane ake rini. Daga baya marina suka gano dabarar haƙa rami mai zurfi su dabe shi da laso, abin da ya ba su damar rina tufafi masu yawa da kuɗi kaɗan, kuma wannan dabara ce ta ɗaga sana'ar a ƙarni na 19. Ashe ke nan karofi shaida ce ta mutanen da suka sauya hanyar aikinsu don su ci kasuwa. In an ɓoye wannan, an koya wa matasa cewa gadonsu tsayawa wuri guda ne, alhali kuwa gadon nasu neman dabara ne. Wanda aka gaya wa cewa sana'ar gidansu kayan kallo ce, ba abin mamaki ba ne in ya bar ta ya kama tuƙa babur mai ƙafa uku.

4.0 Aibi na Biyu: Raba Gini da Sana'a

Mai karatu ya dubi yadda ake samun laso. Bayan an gama amfani da ruwan baba, akan kwashe abin da ya kwanta a gindin karofi, a shanya, a ƙona, shi ne katsi. Ana mai da wani sashe cikin sabon ruwan rini, wani kuma a kwaɓa shi da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara, sai ya zama laso. Da lason nan ake dabe karofi, da shi kuma magina ke shafe rufin soro don kada ruwan sama ya ratsa. Watau marini yana ciyar da magini, majemi yana ciyar da su duka biyun, manomin baba da mai kaɗi da masaƙi da mabugi kuma kowa yana riƙe da nasa sashen igiyar.

In karofi ya mutu katsi ya ɓace, in katsi ya ɓace laso ya yi wuya, daga nan sai mai soro ya koma ga siminti da kwano. Ga dalilin da ya sa doka kaɗai ba ta tsare ginin ƙasa. An sa ganuwar Kano cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1959, an kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa a 1979, an kuma shigar da ganuwar cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a 2007. Duk da haka an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa hanya, badala kuma ta zama wurin ɗiban ƙasa da yankan filaye. A zamanin da, abin da ya tsare ganuwa shi ne aikin gayya da jama'a ke fitowa su yi, domin tsaron ransu da dukiyarsu na jikinta. Da amfanin ya gushe sai kulawar ta gushe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

5.0 Aibi na Uku: Mantawa da Karkara

Har ila yau binciken Shea ya nuna cewa mafi yawan rinin da ake fitarwa waje a garuruwan da ke wajen birni ake yin sa, musamman ta kudu. Sunan 'yan Kura da ake kiran baƙin rawanin da Abzinawa ke naɗawa ya isa shaida. Bebeji, wadda Clapperton ya ratsa a 1826 a kan hanyarsa daga Zariya, babban gari ne mai ganuwa a kan hanyar fatake. Riruwai ta ƙasar Doguwa an san ta da narka kuza tun kafin zuwan Turawa, daga baya ta zama garin haƙar ma'adinai na zamani, har aikin ya tsaya, farashin kuza kuma ya faɗi warwas a duniya a 1985. In ana neman garin da masana'anta ta tafi ta bari a ƙasar Kano, to Riruwai na sahun gaba, amma da wuya a ji sunanta a taron masu adana tarihi.

Yankin kuwa bai zauna jiran kowa ba. Bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya sauya fuskar Kura da Kadawa, sarrafa shinkafa kuma ya zama abin dogaro a Kura da Tudun Wada, mata na turarawa, masu injin casa na casawa, 'yan kasuwa na ɗauka. Ba wata hukuma da ta tsara wannan sarƙa dalla-dalla. Da adashi da bashin amana da ƙungiyoyin masu sana'a aka gina ta. A ɗaya gefen kuma ga otal ɗin Bagauda a ƙasar Bebeji, wanda aka mayar reshen Makarantar Koyon Aikin Lauya. Wannan ya tsirar da gine-ginen daga zama kango, abin yabo ne, sai dai shawara ce da ta sauko daga sama. Misalan biyu sun nuna cewa hukuma na iya ceton gini, amma raya sana'a sai da masu ita.

6.0 Abin da Harshe Ke Asara

Ga masu nazarin harshe, lamarin ya fi kusa da gida. Kalmomi irin su katsi da laso da dafara da shiɓa da abawa da mazari da turkuɗi da kore da saƙi, a bakin masu aiki suke rayuwa. Malamin makaranta na iya sa ɗalibi ya haddace cewa katsi tokar karofi ce, amma ba zai iya koya masa yadda marini ke gane ruwan baba ya nuna ta kumfarsa da warinsa ba, balle maganganun da ake yi a bakin ramin a lokacin. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tsare mana da yawa daga cikin waɗannan kalmomi domin an tattara shi sana'ar na da sauran ƙarfi. Ya kamata ɗaliban manyan digiri su shiga garuruwan kudancin Kano su naɗi bayanin tsofaffin marina da masaƙa da magina, tun ana iya samun wanda ya yi aikin da hannunsa.

7.0 Iyakar Ƙoƙarin Jama'a

Adalci ya wajabta a faɗi cewa kiran a bar wa jama'a shi ma yana da nasa ruɗin. Jama'ar unguwa ba su da iko a kan wutar lantarki, ko kuɗin fito, ko darajar naira. Bugu da ƙari, rinin da ya fi ɗaukar matasa aiki a Kano yau shi ne rinin shadda da sinadarai, wanda ake yi a lunguna, ruwansa na kwarara cikin kwatoci. Masu adana tarihi kan kau da kai daga gare shi don ba na gargajiya ba ne, alhali magajin karofi ne na kai tsaye, kuma shi ya fi bukatar wurin aiki da magudanar da ba ta cutar da maƙwabta.

Akwai abin koyi a Jenne ta ƙasar Mali, inda jama'ar gari ke fitowa kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu na ƙasa, wanda aka sake ginawa a 1907, ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar magina. Haka tsohon garin Agadas, da UNESCO ta amince da shi a 2013, mutane na zaune cikinsa suna sana'a. A wuraren biyu hukuma da ƙasashen waje sun taimaka, amma hannun da ke taɓa ginin na 'yan gari ne.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, muna ganin abubuwa uku sun wajaba. Na farko, a ba ƙungiyoyin marina da magina da majema kujera a duk kwamitin da ke yanke shawara a kan karofi ko ganuwa, tare da masu unguwanni da dagatai. Na biyu, duk gyaran ginin tarihi da hukuma za ta biya, a sharɗanta yin sa da laso da makuba daga hannun masu sana'ar, domin kuɗin gyara ya zama kasuwa ga karofi. Na uku, ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, tare da sassan Hausa da tarihi na jami'o'inmu, su ƙididdige tsofaffin karofi da ganuwoyi da ramukan kuza da ke ƙasarsu kafin a cike su a yanka filaye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ma'aunin da za a gane nasarar wannan aiki da shi kuwa shi ne yawan yaran da suka zauna koyon sana'ar a bakin karofi, suka kuma ci abinci da ita.